Winci ya yi "ƙas" ya ƙi ja: yadda ake bin sawun wuta kafin a sayi sabon solonoid

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin mun ɗora saboda waɗanda data ba ta ishe su sauke murya ba, da kuma masu son ajiyewa su riƙa dubawa idan buƙata ta taso.

Yau maganar ƙarfe da waya za mu yi. Za mu yi magana a kan winci, injin nan da ake ɗaurawa a gaban mota, mai ganga da igiyar ƙarfe da ƙugiya, wanda wasu ke kira janwe. Musamman za mu tsaya a kan ɗan akwatin da ke kansa, wato akwatin solonoid, da yadda ake gano inda wuta ta tsaya idan ya ƙi aiki.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da winci? Ɗan uwa, duk wanda ya san Gwarzo da Kabo ya san titin da ya taso daga Kano ya bi ta Rimin Gado da ƙasar Kabo, ya ratsa Gwarzo ya nufi Dayi. Muddin kana kan kwalta, lafiya lau. Amma da ka sauka ka nufi ƙauyukan da ke bayan Getso ko Lakwaya ko Kutama, ko ka kutsa lungunan Gude da Durun da Kanwa a watan Agusta, labari ya canza. Motar da ke ɗauke da taki za ta kafe. Motar masu haƙar rijiyar burtsatse za ta kafe. Motar da ta je ɗauko mai naƙuda ma ba ta tsira ba. Wasu daga cikin motocin nan, irin su Hilux da Land Cruiser da aka saya gwanjo, suna zuwa da winci a gabansu. Ana nan ana kallonsa kamar ado, sai ranar da aka nutse a laka a danna rimot a ji "ƙas", shike nan. Daga nan sai neman tarakta, sai tara matasa a yi ta turi har magariba.

Abin da nake so ku riƙe a shirin nan ɗaya ne. Wuta hanya take bi, daga batir ta je ta yi aiki ta dawo batir. Idan winci ya ƙi, akwai wuri ɗaya a hanyar nan da ta tsaya, kuma ana iya gano shi da awo. A auna tukuna, sannan a zaro kuɗi.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Winci na lantarki ba sabon abu ba ne. Kamfanin Warn na Amurka, wanda aka kafa a 1948, tun 1959 ya fitar da nasa na ƙananan motoci, kuma har yau tsarin bai canza sosai ba. Akwai batir. Akwai manyan wayoyi masu kaurin yatsa. Akwai akwatin solonoid. Akwai injin lantarkin da ke juya gangar, wanda zan riƙa kira moto don kada mu rikita shi da mota. Sai rimot da ke hannunka.

Wincin da aka fi gani a irin motocin nan shi ne mai ƙarfin fam 9,500 zuwa fam 12,000, wato kusan kilo 4,300 zuwa kilo 5,400. Idan yana jan kaya sosai, wutar da yake zuƙa takan kai amfiya 400, wani ma ya wuce. Altanetar mota kuwa, wadda ke cajin batir, yawanci abin da take bayarwa bai wuce amfiya 80 zuwa 100 da 'yan kai ba. Kun ga ke nan batir ne ke ɗaukar sauran nauyin.

To wutar da ta kai amfiya 400 ba za ta bi ta ɗan maɓallin da ke hannunka ba. Da ta bi, da rimot ɗin ya narke a tafin hannunka. Shi ya sa aka sa solonoid a tsakani. Solonoid makunni ne da wuta ke kunnawa. A cikinsa akwai siririyar waya da aka nannaɗe, wadda masu gyara ke kira koyil. Idan ka danna rimot, 'yar ƙaramar wuta ta shiga koyil ɗin, sai ya zama maganaɗisu, ya fizgo wani ƙarfe, ƙarfen ya buga faifan tagulla a kan manyan kusoshi biyu, sai babbar wuta ta samu gada ta wuce. Wannan bugun shi ne "ƙas" ɗin da kake ji. Kamar mai gadi ne da ƙofar gareji: kai kana yi masa alama da hannu, shi ke buɗe wa tirela. Af, sunan ma wani masani Bafaranshe ne, André-Marie Ampère, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1820, kuma shi ne dai mutumin da aka sa wa amfiya sunansa.

Saboda haka hanyoyin wuta biyu ne a winci. Ƙarama: daga batir zuwa rimot zuwa koyil. Babba: daga batir zuwa kusoshin solonoid zuwa moto, ta dawo ta baƙar waya, wadda ake kira as. Duk gyaran da za mu yi, tambayar farko ita ce: a wace hanya matsalar take? Kuma kunnenka ne zai fara ba ka amsa. In ka ji "ƙas", ƙaramar hanya ta yi nata. In ba ka ji komai ba, daga ƙaramar za ka fara.

Saura abu ɗaya. Yawancin manyan winci motonsu yana da kusoshi uku, an rubuta A da F1 da F2, sai wurin ɗaura as a jikinsa. Don ya juya gefe ɗaya, wuta tana shiga ta F1, ta fito ta F2, a haɗa ta da A, ta ratsa ta koma batir. Don ya juya ɗaya gefen, sai ta shiga ta F2, ta fito ta F1, a haɗa ta da A. Wato kowane gefe ƙofa biyu yake buƙata. Shi ya sa tsofaffin akwatuna za ka buɗe ka tarar da solonoid huɗu, biyu na ja, biyu na saki. Sababbin kuma an dunƙule su a abu ɗaya rufaffe da ake kira kontakta, irin wanda kamfanin Albright na Ingila ya yi suna da shi. Ƙananan winci kuma akwai masu kusoshi biyu kacal, su musanya wayoyin biyu kawai ake yi su juya.

KAFIN KA TAƁA KOMAI

Don Allah jama'a a saurara da kyau a nan. Batirin mota ba ya jan mutum kamar wutar gida, amma idan sifana ta haɗa jar waya da jikin mota, cikin ƙiftawar ido za ta yi ja wur. Cire zobe, cire agogo. In za ka kwance manyan wayoyi, fara cire baƙin kan batir, kuma shi za ka mayar a ƙarshe. Kada ka yi tartsatsi ko ka kunna sigari a kan batir, domin yana fitar da iska mai kamawa da wuta. Sannan ka murɗa hannun kulocin wincin zuwa inda ganga ke juyawa a sake, ta yadda ko moto ya tashi ba zato, igiya ba za ta fizgi hannun kowa ba. Kuma a kori yara. Mun san halin garuruwanmu, da mota ta kafe unguwa guda ce za ta kewaye ta.

Kayan aiki ba su da yawa: mitar awon wuta irin wadda masu gyaran waya da masu sola ke riƙewa, fitilar gwaji, sifana biyu, samfefa, guntuwar waya, da wayar jona batir.

FARA DAGA BATIR

Na san abin dariya ne, amma rabin rigimar a nan take ƙarewa. Ɗora mita a kan batir mota a kashe. Cikakken batir zai nuna kusan bolt 12.6. In ka ga 12.2, ya sha rabi. Tayar da mota, ya kamata ya hau zuwa tsakanin 13.8 da 14.4, alamar altaneta tana caji.

Amma wannan awon bai isa ba. Batirin da ya gaji yakan nuna 12 da ɗoriya yana zaune, kamar ragon da ke cika baki a inuwa. Sai an ɗora masa kaya ake sanin gaskiyarsa. Bar mitar a kai, wani ya danna rimot. In lambar ta faɗo ƙasa da 10 alhali igiya ba ta ɗauke da komai, ka samu mai laifi. Don batir yana tayar da mota ba shi ne zai ja winci ba. Tayar da inji daƙiƙa biyu ne, winci kuwa minti-minti yake zuƙa.

Sai ka duba ko akwai babban makunni da ke yanke wutar winci, galibi ja ne, kusa da batir. Motoci da yawa suna da shi, sabon mai mota bai ma san da zamansa ba.

IN AKA DANNA AKA JI SHIRU

Ba "ƙas", ba komai, gefe biyun duka. To ƙaramar hanya ce. Da wuya solonoid na ja da na saki su mutu rana ɗaya, don haka nemi abin da suka yi tarayya a kansa.

Fara da rimot. In marar waya ne, akwai ɗan batir a cikinsa, kuma yana ƙarewa ko ba a amfani da shi. In mai waya ne, duba inda wayar ta shiga hannu da inda ta shiga fulogi, nan take karyewa ta ciki fata tana nan lafiya. Sai soket ɗin da ke jikin akwatin. Leƙa ciki da tocila. Za ka sha mamakin abin da ke ciki: busasshiyar laka, koren tsatsa, wani lokaci har gidan zanzaro. Sa fitilar gwaji, rami ɗaya dole ya kasance da wuta. In babu, bi siririyar wayar da ke kawo ta, ka duba ko akwai fiyus a kai.

In soket mai rami uku ne, ɗauki guntuwar waya ka haɗa ramin da ke da wuta da ɗaya daga cikin sauran biyun. In ya yi "ƙas" moto ya juya, rimot ne ya lalace, akwatinka lafiyarsa ƙalau. In mai rami biyar ne kada ka yi ta cusa waya da ka, domin irinsa har as yake bi ta rimot, kana iya haɗa wuta da as ka ƙona waya.

Akwai kuma wata siririyar baƙar waya da ke fitowa daga akwatin, ita ce as ta koyil. Ƙarama ce, ba wanda ke kula ta, amma in ta kwance ko ta tsinke, duk akwatin ya zama kurma. Motar da ke kwana kusa da rumbu ko sito kuwa, a tuhumi ɓera kafin a tuhumi kamfani.

IN YA YI "ƘAS" AMMA BAI JUYA BA

Wannan shi ne wanda ya fi cin kuɗin mutane. Ana jin ƙarar daga akwati take fitowa, sai a yanke wa akwatin hukunci, a kama hanyar Kofar Ruwa. Alhali "ƙas" ɗin nan shaida ce cewa rimot da koyil suna aiki. Abin da ba mu sani ba shi ne ko babbar wuta ta wuce.

Bari in yi muku ɗan lissafi, ku yi haƙuri da ni, ba mai wuya ba ne. Tsatsa ko sakin noti a mahaɗar waya yana tare wuta. A ce tarewar nan ƙanƙanuwa ce, kashi ɗaya cikin ɗari na om, wadda mitar hannu ma ba ta iya gani. Fitilar mota ba za ta ko ji a jikinta ba. Amma in amfiya 400 ta zo wucewa, 400 sau 0.01 ya ba mu bolt 4. Wato cikin 12 ɗin da kake da su, 4 sun zube a kan noti ɗaya. Kuma ba ɓacewa suke yi ba, zafi suke zama: bolt 4 sau amfiya 400, wat 1,600 ke nan. Ya fi dutsen guga na lantarki zafi, a kan wuri kamar kan yatsa. Kun ga dalilin da ya sa roba ke narkewa a bakin waya.

Darasin da ke ciki shi ne, fitilar gwaji tana iya kamawa, mita tana iya nuna 12, amma hanyar ba za ta ɗauki kaya ba. Dole a yi awo lokacin da ake danna rimot.

Ga yadda ake yi. Sa baki ɗaya na mita a kan dalmar batir ita kanta, ta jan gefe, ɗaya bakin a kan kusar da jar waya ta sauka a akwati. A danna. Abin da mita ta nuna shi ne abin da ya zube a wannan tsakanin. In ƙasa da rabin bolt ne, wuce gaba. In ya kai 1 ko 2 ko fiye, tsaya nan. Haka za ka yi tsakanin kusoshi biyu na kowane solonoid da ya buga, sannan daga akwati zuwa moto, sannan daga jikin moto zuwa baƙin kan batir. Solonoid ɗin da ya yi "ƙas" amma mita ta nuna kusan bolt 12 tsakanin manyan kusoshinsa, faifan cikinsa ya ƙone, ƙara kawai yake yi. A mai solonoid huɗu haka takan faru: ɗaya ya buga, abokin aikinsa ya mutu, kai kuma kunnenka ya ji ƙara ɗaya ka ɗauka duk sun tashi.

In ba mita, hannu ma mita ne. A danna na daƙiƙa biyar, a saki, ka shafa mahaɗan a hankali. Wadda ta fi sauran zafi ita ce.

Na taɓa tsayawa a wani gareji a Gwarzo ina kallon irin wannan. An kawo Hilux, mai ita ya riga ya je Kano ya sayo sabuwar kontakta, an ɗaura, "ƙas" ɗin dai na nan. Ana ta shawarar a kwance moto. Wani ɗan koyo, yaro ne da bai fi shekara goma sha biyar ba, ya kai hannu kan baƙar waya ya janye da sauri. Ashe wanda ya fara ɗaura wincin bai kai as ɗin batir ba, a jikin bamba ya ɗaure ta, kan fenti da tsatsa. Aka goge, aka ja waya kai tsaye zuwa batir, winci ya tashi. Tsohuwar kontaktar da aka jefar gefe ba abin da ya same ta.

Don haka a riƙe: as ta winci batir take zuwa kai tsaye, da waya mai kauri daidai da jar. In as ta yi rauni, wuta za ta nemi wata hanyar komawa gida, ta bi siraran wayoyin da ba a yi su don haka ba, ta ƙona su.

IN YANA YIN GEFE ƊAYA

Yana saki ba ya ja, ko yana ja ba ya saki. Wannan albishir ne. Tunda ya juya gefe ɗaya, batir ya fita daga zargi, as ta fita, moto ma ya fita, domin hanyar ciki ɗaya wuta ke bi a gefe biyun. Saura maɓallin rimot, da siririyar wayar gefen, da solonoid na gefen.

Saurara. In gefen da ya mutu ba ya "ƙas", ɗauko wuta da guntuwar waya ka taɓa ƙaramar kusar koyil ɗinsa kai tsaye. Ya buga ya juya? Rimot ne ko wayarsa. Bai buga ba? Koyil ya tsinke. In kuwa yana "ƙas" ba ya juyawa, faifan ciki ne, koma ga awon da muka yi yanzu.

IN YANA KAR-KAR-KAR

Wani lokaci za ka ji yana ƙara a jere kamar keken ɗinki. Abin da ke faruwa shi ne, solonoid ya buga, moto ya zuƙi wuta, ƙarfin batir ya faɗi, koyil ya rasa ƙarfin riƙewa ya saki, wuta ta dawo, ya sake bugawa. Raunin batir ne ko mummunar mahaɗa. Kada ka ci gaba da dannawa kana cewa zai kama. Kowane bugu tartsatsi ne a kan faifan, kuma shi ne ke kai mu ga matsala ta gaba, wadda ta fi kowacce haɗari.

IN YA ƘI TSAYAWA

Ka saki maɓalli, winci na ci gaba da ja. Ko dai ruwa ya shiga rimot ko soket ya haɗa wayoyi, ko kuma faifan ya narke ya manne da kusoshi kamar an yi walda. Fizge fulogin rimot. In ya tsaya, rimot ne. In bai tsaya ba, kashe babban makunni ko ka cire kan batir nan take. Kada ka kai hannu wajen igiya ko ƙugiya. Injin da ke jan tan huɗu bai san bambancin kututture da hannun mutum ba. Wasu sukan ƙwanƙwasa akwatin da sifana ya saki, to ko ya saki, solonoid ɗin da ya taɓa mannewa ya gama aiki, a canza shi. Kuma duk wincin da ba shi da babban makunni, wallahi a sa masa, a wurin da hannu zai kai cikin sauri.

GWADA MOTO SHI KAƊAI

In duk ka bi waɗannan ba ka samu ba, sai a tambayi moto. Cire kan batir, sa alama a wayoyin nan uku, ka kwance su. Yi amfani da sifana biyu, ɗaya ta riƙe notin ƙasa, ɗaya ta kwance na sama, domin in kusar ta juya za ta tsinke wayar da ke ciki, ka zo gyara ka yi ɓarna. Kuloci a sake, as a haɗe. Haɗa A da F1 da waya mai kauri, ka taɓa F2 da wuta daga wayar jona batir na ɗan lokaci. Zai juya. Sai ka haɗa A da F2, ka taɓa F1, zai juya ɗaya gefen. Za a ga tartsatsi, don haka a yi nesa da batir, kuma a kan noti ake taɓawa don kada a ɓata zaren kusa. In ya juya gefe biyun da ƙarfi, koma kan akwati. In bai juya ba, yawanci kabon ne ya cinye ko ya maƙale saboda ruwa ya shiga, kuma masu rewaya da ke gyaran kikstata sun san wannan aikin sarai.

IN ZA A SAYA

In awo ya tabbatar solonoid ne, tafi da tsohon a hannu. Duba abu uku. Na ɗaya, bolt 12 ne ko 24, domin manyan motoci da yawa 24 suke amfani da shi, kuma a ido kamanninsu ɗaya. Na biyu, amfiya nawa yake ɗauka. Na uku, ta ina koyil ɗinsa ke samun as, ta jikinsa ko ta ƙaramar kusa ta biyu. Solonoid na tayar da inji yana kama da na winci, amma ba kowanne ne zai zauna a wurin ba. In mai huɗu ne kuma ɗaya ya ƙone, ka sani sauran ukun sa'anninsa ne. In da hali, a mayar da akwatin kontakta rufaffiya, ta fi jure ruwa da ƙura. Kuma ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka kwance ko ɗaya.

Sannan ka tambayi kanka me ya ƙona na farkon. In raunin batir ne ko sakakkiyar waya ba ka gyara ba, sabon ma hanyar zai bi.

RIGAKAFI

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya fi kashe winci a wajenmu zama ne. Daga Oktoba zuwa Mayu ba mai taɓa shi, ƙurar hunturu ta cika shi, masu wankin mota su feshe akwatin da ruwa mai ƙarfi, tsatsa ta yi gida. Sau ɗaya a wata, warware igiya kamu kaɗan ka mayar, gefe biyun duka. Kafin ruwan farko, kwance mahaɗai ka goge da samfefa, ka ɗaure tamau, ka shafa giris a sama. Rufe bakin soket. In akwatin yana ƙasa inda ruwa ke kai masa, a ɗaga shi sama.

Ranar aiki kuma, bar inji a kunne, a ɗan taka totur. Ja kaɗan, huta kaɗan. In jikin moto ya fi ƙarfin tafin hannunka, dakata ya huce. Warware igiya da yawa, domin winci ya fi ƙarfi idan igiyar da ke kan ganga kaɗan ce, amma a bar aƙalla naɗi biyar a kai. Sa safar hannu, a yafa bargo ko buhu mai nauyi a tsakiyar igiyar, kowa ya kauce daga saitinta. A haƙe lakar da ke gaban taya da shebur tukuna, kada a bar wa winci aikin da mutum biyu za su rage masa.

Kalma ta ƙarshe ga 'yan uwana matasa, musamman masu koyon rewaya a Gwarzo da Getso da Garo da Kabo. Abin da muka faɗa yau ba na winci kaɗai ba ne. Awon nan na zubewar wuta shi ne dai za ka yi wa kikstata, shi za ka yi wa tarakta, shi za ka yi wa batirin sola da famfon ban ruwa. Mai canza kaya har a dace yana da yawa a kasuwa. Wanda zai ɗora mita ya ce ga inda wutar ta tsaya, shi ake nema har gida.

Nan za mu dakata. Wanda ke da tambaya ya ajiye, in ya faɗi irin ƙarar da wincinsa ke yi da abin da mita ta nuna, za mu fi saurin gane inda aka dosa. A tura wa direbobi da masu gareji da kuka sani kafin damina ta kankama. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.